Yadda ake giranola da markaɗen gyaɗa a gida, da oben ko babu

Ranar da na fara ajiye wa Hajiya, mahaifiyar maigidana, kwanon giranola da madara, sai da ta juya shi da cokali, ta ɗebo ta ƙura masa ido, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, dusa kuka koma ci da zuma?" Na ce, "Hajiya, ki dai ɗanɗana." Ta kai cokali ɗaya baki, ta tauna, ta yi shiru, can ta ce, "Ashe hallaka kwabo ne ya yi boko." Har yau ban ji wanda ya fi ta iya kwatanta abin nan ba.

Gaskiyarta kuwa. Giranola ba wani abu ba ne illa ots, wato hatsin nan irin na gwangwanin Quaker, da aka cakuɗa da abu mai maiƙo da abu mai zaƙi, aka watsa masa gyaɗa da riɗi da makamantansu, aka gasa a wuta kaɗan har ya bushe ya yi ƙaras-ƙaras. Duk matar da ta taɓa yin kantun riɗi ko kwakumeti ta riga ta san rabin aikin, domin ta san yadda zaƙi ke kamawa idan ya huce, ta kuma san yadda yake ƙonewa da zarar an juya baya. Asalinsa daga Amurka ne. Wani likita mai suna James Caleb Jackson ne ya fara yin wani abu mai kama da shi a garin Dansville na jihar New York a 1863, da garin alkama, kuma saboda taurinsa sai an jiƙa shi a madara ya kwana kafin ya ciwu. Na ots da zuma da ake sayarwa yanzu a manyan kantuna daga baya ya zo.

Ni abin da ya kai ni gare shi sanyin Jos ne. Wanda ya taɓa tashi da asuba a watan Disamba ko Janairu a garin nan ya san ba ƙaramin aiki ba ne tsayawa dama kunu da suyar ƙosai alhali ƙarfe bakwai yara za su kama hanyar makaranta. Giranola kuwa ranar Asabar ɗaya za ki ba shi, ya ɗauke miki karin kumallon mako biyu: a dafa madara, a zuba, a ci. Na kanti na saya sau biyu na daina. Kuɗinsa ba kaɗan ba, kuma in kin zazzage ledar sai kin yi tono kafin ki ga gyaɗa.

Gyaɗar tukuna

A nan aikin yake, don markaɗen gyaɗar ne ke riƙe giranolar ya zama curi-curi, shi ne kuma ɗanɗanonsa. Kusan rabin nauyin gyaɗa mai ne, wajen kashi ɗaya cikin huɗu kuma sinadarin gina jiki, shi ya sa idan kin yi da ita ba kya buƙatar tuttula man girki, kuma yaro ba ya jin yunwa da wuri.

Ki sayi ɗanyar gyaɗa ɓararriya wadda ta bushe sosai. Ni a Katako nake saye, wajen masu hatsi. Ki damƙo ta a hannu ki shinshina kafin a auna miki. In kin ji warin laima ko na rumbu, ki wuce gaba. In kin dawo gida ki baza ta a faifai ki zauna ki tsince. Duk wadda ta yamutse, ko ta yi baƙi, ko ƙwaro ya huda, ko kika ga fumfuna a jikinta, ki zubar, kada ki ji asara. Irin wannan gyaɗar ce ke ɗauke da dafin da ake kira afalatoksin, mai lahanta hanta, kuma suya ba ta kawar da shi. Ga shi ƙwara ɗaya mai ɗaci tana iya ɓata miki kwalba guda, kamar yadda wake ɗaya ke ɓata gari.

Kofi uku na gyaɗa za ki soya: biyu na markaɗe, ɗaya na watsawa a ciki. Ki soya yadda kika saba, a kasko da yashi mai tsabta, ko a busasshen kasko kina juyawa ba tsayawa, ko ki baza a tire ki sa a oben mai zafin digiri 175 na minti 10 zuwa 15. Wadda za a markaɗa ki bar ta ta soyu sosai, har in kin murje ɓawon kin ga cikinta ya yi ruwan zuma. Wadda za a watsa kuwa ki kwashe ta da wuri, tana sama-sama, domin za ta sake shiga wuta. In ta sha iska ki murje, ki bakace.

Ki markaɗa tun tana da ɗan ɗumi, don a lokacin ne take saurin sakin mai. In bilenda gare ki, ki yi amfani da ƙaramin kofin nan na niƙa busassun kaya, ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. Ki kunna na daƙiƙa 30, ki kashe, ki kankaro ta gefe da cokali, ki bar injin ya huta, ki sake. Da farko za ta zama gari. Daga nan ta dunƙule ta yi tauri kamar tunkuza, har ki ɗauka abin ya ƙi. A daidai nan mata da yawa ke zuba ruwa, kuma a nan ake ɓata ta: ruwa na sa markaɗen ya ƙara cijewa, ya kuma lalace cikin 'yan kwanaki. Ki ci gaba kawai. Man zai fito da kansa, ta saki, ta yi sheƙi, ta riƙa zuba daga cokali a hankali. In bilendar ba ta da ƙarfi, ki taimaka mata da cokali ɗaya na man gyaɗa. Kofi biyu na gyaɗa zai ba ki wajen kofi ɗaya na markaɗe. Rabi ake buƙata. Sauran ki ajiye na shafa wa burodi ko na miyar taushe.

In injin unguwa za ki kai, ki kai inda masu ƙuli-ƙuli ke kai tasu. Na taɓa aiken yaro wani inji da ba wannan ba, ashe yanzun nan aka gama markaɗa kayan miya, aka ɗauraye shi sama-sama. Gyaɗar ta dawo min da ruwa-ruwa tana ƙamshin attaruhu. Miya na yi da ita, don ba ta da wani amfanin kuma. Turmi ma yana yi, sai dai a shirya wa ciwon hannu, kuma ba za ta yi laushi kamar ta inji ba. Tunkuza kuwa, wadda aka riga aka matse wa mai, ba ta yi sai an mayar mata da man da aka cire, to ina ribar?

Abin da za ki tanada

Kofin da nake nufi shi ne na awo mai cin mililita 240. In ba ki da shi, ki ɗauki kofin shayi madaidaici ki auna komai da shi, kada ki sauya. Ga awon tire ɗaya babba: ots kofi 3, markaɗen gyaɗa rabin kofi, zuma sulusin kofi, man gyaɗa ko man kwakwa babban cokali 2, gyaɗar watsawa kofi 1 da aka ɗan farfasa, riɗi rubu'in kofi, busasshiyar kwakwa rabin kofi, kirfa ƙaramin cokali 1, garin citta rabin ƙaramin cokali, gishiri rabin ƙaramin cokali, sai dabino kofi 1 da aka cire wa ƙwallo aka yayyanka.

Kan ots akwai magana. Wanda aka fi sani a gidajenmu shi ne na gwangwanin Quaker, mai ƙananan ɓarɓashi, wanda ake damawa kamar kunu. Yana yi, har ma ya fi saurin dunƙulewa, amma yana saurin ƙonewa kuma giranolarsa kan yi gari-gari. Wanda ya fi shi ne mai faɗin ƙwaya, wanda aka danne kawai ba a yayyanka ba. Ana samunsa a manyan kantuna da wajen masu kayan kek. In na samu duka biyun, kofi biyu na mai faɗi nake sawa da kofi ɗaya na mai laushi, don mai laushin ya cike tsakani ya zama kamar laka a gini.

Riɗi sai an wanke shi an rege tsakuwa an shanya, kin dai sani. Kwakwa kuma in ɗanya ce kika goga, ki baza ta ta bushe tukuna, ko ki ɗan soya ta a busasshen kasko. In ta shiga da ruwanta za ta hana giranolar bushewa. Gishirin nan kada ki raina shi ki bari. Ba ya fitowa a baki, amma in babu shi zaƙin sai ya yi lami. In zuma ta yi tsada, ko ba ki yarda da ta kasuwa ba, mazarƙwaila na maye gurbinta: ki farfasa wajen rabin kofi, ki narkar da ita da babban cokali 3 na ruwa a wuta kaɗan, ki tace saboda ɗan yashin da ba a rasa ta da shi. Ni har na fi son ƙamshinta da citta.

Haɗawa

Ki kunna oben tun yanzu a digiri 150. In na gas ne mai lambobi, lamba 2 ke nan. In kuwa irin nawa ne da lambobin suka goge tun tuni, ki rage wutar zuwa ƙasa-ƙasa, ki sa tiren a tsakiya ko sama, nesa da harshen wutar.

A babban kwano ki haɗa ots da gyaɗar watsawa da riɗi da kirfa da citta da gishiri, ki juya. Kwakwa da dabino su jira a gefe. A ƙaramar tukunya kuma ki zuba markaɗen gyaɗa da zuma da mai, ki ɗora a wuta kaɗan kina juyawa minti biyu ko uku, har su narke su zama abu ɗaya mai zuba. Ba tafasawa ake so ba. In ya tafasa zai yi kauri kamar alewa, ya daskare miki kafin ki gama juyawa. A lokacin hunturu wannan ɗumamawar dole ce, don zuma a Jos daskarewa take yi a kwalba har cokali ya tsaya a cikinta.

Ki juye a kan ots ɗin tun da zafinsa, ki juya da muciya ko cokalin katako, ki riƙa tono daga ƙasa har ki daina ganin fari. In ya sha iska ki sa hannu ki murza, hannu ya fi cokali gane inda bai samu ba. Sannan ki gwada: ki damƙi kaɗan ki matse ki buɗe hannu. In ya tsaya a dunƙule, ya yi. In ya wargaje, ki ƙara cokali ɗaya na markaɗe ko na zuma. In kina son manyan curi irin waɗanda yara ke ɗauka da hannu, ki kaɗa farin ƙwai ɗaya har ya yi kumfa ki juya a ciki. In ya gasu ba a jin ƙarninsa.

Ki shimfiɗa takardar gashi a tire, in babu ki shafa mai. Ki juye, ki baza, kaurinsa kada ya wuce na ɗan yatsa, sannan ki danne shi da bayan ludayi ko gindin kofi ya kwanta sosai. In ya fi ƙarfin tiren, ki raba biyu. Wanda aka tara da yawa turara yake yi, ba ya gasuwa.

Wuta

Minti 25 zuwa 35 yake ɗauka. A minti na 15 ki fito da shi, ki jawo na gefe zuwa tsakiya, na tsakiya zuwa gefe, don gefe ne ke fara ƙonewa. A nan za ki watsa kwakwar, ki sake dannewa, ki mayar. Daga minti na 25 kada ki je ko'ina. Zuma ta fi sikari saurin yin duhu a wuta, gyaɗar kuma ta riga ta soyu sau ɗaya, don haka tsakanin ya yi da ya ƙone bai fi minti uku ba. Tirena na farko haka ya tafi: na ce bari in shanya kaya biyu in dawo, ƙauri ne ya kira ni.

Abin da ke rikita mutane shi ne, giranolar da ta gasu ba ta da tauri lokacin da take cikin oben. Ki taɓa za ki ji laushi, sai ki ce bari in ƙara mata minti goma, nan ne take ƙonewa. Launi za ki duba da ƙamshi: ta yi ruwan zuma, gefen ya ɗan fi duhu, ɗakin girkin ya cika da ƙamshin gyaɗa. In kina shakka, ki ɗebo cokali ɗaya ki zuba a farantin tangaran mai sanyi, ki ba shi minti biyu, ki tauna. In ya yi ƙaras, ki sauke.

In oben ɗinki na lantarki ne aka ɗauke wuta ana tsaka da gashi, kada ki buɗe. Ki bar shi a rufe minti goma ya ci zafin da ya saura, sannan ki ƙarasa a kasko.

Wadda ba ta da oben ma ba a bar ta a baya ba. Hanya mafi sauƙi ita ce babban kasko mai kauri a wuta kaɗan. Ki raba haɗin gida biyu ko uku, ki riƙa juyawa ba ɗaga hannu na wajen minti 15 kowane zubi, har ya yi launi. Ki juye a tire, ki danne tun da zafi. Ba zai yi manyan curi kamar na oben ba, amma ɗanɗanon ɗaya ne. Ɗaya hanyar ita ce wadda iyayenmu ke gasa kek da ita: babbar tukunya, a zuba yashi ko tsakuwa a ƙasa, a rufe ta yi zafi, a ɗora farantin ƙarfe a kai. Sai dai ki ɗan karkata murfin don tururi ya samu hanyar fita, in ba haka ba ruwan da ya taru a murfin zai riƙa ɗiga a kai. Ki duba duk bayan minti bakwai ko takwas, don zafin daga ƙasa yake zuwa.

Bayan an sauke

Ki ajiye tiren inda iska ke shiga, ki ƙyale shi minti 45 zuwa awa ɗaya. Kada ki juya, kada ki rufe, kada ki bar yara su sa hannu, wanda shi ne mafi wuya. A wannan hucewar ne zumar ke daskarewa ta ɗaure komai. In ya huce sarai ki ɓaɓɓalla da hannu yadda kike so.

Yanzu ne dabino zai shiga. In aka gasa shi tare, ruwansa ƙonewa yake yi ya koma kamar tsakuwa, kuma ya yi ɗaci. Haka zabibi. Ki nemi dabino mai ɗan laushi. Busasshen nan mai tauri sai an daka shi ya zama ƙanana, in ba haka ba wani zai bar haƙorinsa a kwano. Busasshiyar aya ma haka take: tana da daɗi a ciki, amma sai an ɗan soya an farfasa ta a turmi.

Tunda a Filato muke, ba zan wuce acca ba. Ana sa ta, amma ba ɗanya ba. Ki wanke rabin kofi ki rege har yashin ya fita tas, ki turara ta kamar za ki yi dambu, ki baza a faifai ta sha iska ta yi wara-wara, sannan ki rage rabin kofi daga ots ɗin ki sa ta a madadinsa tun wajen haɗawa. Za ta buƙaci ƙarin minti biyar zuwa goma a wuta saboda danshinta, amma tana ba da wani ɗan ƙaras mai daɗi a baki. Ban ba ki shawarar yi da ita a karon farko ba. Ki fara sanin halin oben ɗinki.

Ki zuba a kwalba ko roba mai murfi da ke rufuwa gam, wadda ta bushe ƙarau. Da rani yakan yi mako uku lafiya lau. Damina ce matsala a Jos: a watan Agusta, lokacin da wanki ke kwana biyu a igiya bai bushe ba, in aka bar murfin a buɗe kwana ɗaya sai ki tarar ya yi sanyi ya saki. Ba lalacewa ya yi ba. Ki mayar da shi tire, ki ba shi minti 8 zuwa 10 a wuta kaɗan, ki bari ya huce, zai dawo. Amma in kin ji yana maƙaƙi a wuya ko yana warin tsohon mai, man gyaɗar ne ya juya, sai zubarwa. Shi ya sa da damina rabin awo nake yi.

Wajen ci, rabin kofi ya ishi babba. Abin yana da nauyi fiye da yadda ido ke gani, ga mai ga zaƙi, don haka mai ciwon sukari ya yi hattara. Kasancewar zuma ce ba sikari ba bai sa ta zama ba komai ba. Jaririn da bai kai shekara ɗaya ba ba a ba shi zuma ko kaɗan, ko gasasshiya ce. Ƙananan yara kuma gyaɗa da dabino na iya shaƙe su, sai a daka musu a jiƙa. In kuma baƙo za ki ba, ki faɗa masa da gyaɗa a ciki, don akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarta sam, har ta kai su asibiti.

Yarana da madara mai zafi suke ci lokacin sanyi, da rani kuma da kindirmo ko yogot da ayaba. In lokacin sitiroberi ya zo aka fara ganin na wajen Vom a bakin titi, sai mu yayyanka a kai. Garin da ke taruwa a ƙasan kwalba kuma kada ki zubar, ki barbaɗa a kunun gyaɗa ko koko. Hajiya dai nata sai na zuba madara mai zafi na rufe mata shi minti biyar ya yi laushi saboda haƙori, kuma ta ce in riƙa ƙara citta.